Tanbihi a kan lardin Sayi

Bismillahi. A ƙarshen wannan littafi mai kwafi ya rubuta cewa ya gama shi a Sayi, ƙasar Gwandu. Wani almajirina ya ce: Malam, ba Sayi a Nijar take ba? To ga jawabi, don amfanin duk mai karatu.

Ku sani Sayi gari ne a gaɓar yamma ta kogin Isa, ɓangaren Gurma. Ya yi suna da Alfa Mahaman Jobbo, wanda ya zauna can a farkon ƙarni na 19, kuma garin yana bin Gwandu. Mai kwafi bai yi kuskure ba.

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tabkin Cadi. Bayan haka Faransa ta mai da Sayi lardi mai kwamandan, ta haɗa shi da Dahome. A 1907 aka cire shi, aka ba ƙasar da suke mulka daga Bamako. A 1919 ya shiga Volta, Burkina Faso ta yau. A ƙarshen 1926 aka mai da shi Nijar, sai dai kanton Botu na Gurmawa aka bar wa Volta. Cikin shekara 20 lardi ɗaya ya ga iyayen gida huɗu, mutanensa kuwa ba su gusa daga gonakinsu ba.

Ga inda nake so ku tsaya. Ran 31 ga Agusta 1927 gwamnan Dakar ya sa hannu a takardar iyakar Nijar da Volta. Aka iske kuskure a ciki, aka fid da gyara ran 5 ga Oktoba. Gyaran ma ya ambaci wurare kaɗan, ya yi shiru a kan yadda layi zai bi tsakaninsu. Bayan samun ƴanci, kowace ƙasa ta karanta shi da fahimtarta, manoma da makiyaya suka rasa wa za su biya haraji. Sai ran 16 ga Afrilu 2013 kotun duniya ta yanke hukunci, tana dogara da wannan gyara.

Don haka nake tsananta muku muƙabala. Wanda ya kwafi shafi bai gwada shi da asali ba, ya bar wa jikoki shari'a. Wallahu a'alamu.