Shekarar 1492 a Kano da Sauran Duniya

Shekarar 1492 ta Miladiyya, wadda mafi yawanta ya faɗa cikin 897 ta Hijira, shekara ce da sarauta ta kuɓuce wa waɗansu, ta ƙarfafa a hannun waɗansu. A lokacin nan wuraren da ake kira Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a yau suna bayan ganuwa ne, nesa da ƙofar gari. A cikin birni kuwa Muhammadu Rumfa ke bisa gadon sarauta, ya yi kusan shekara talatin yana mulki, gama ya hau a 1463.

Ranar 2 ga Janairu, can ƙasar Andalus, watau Sifen, Sarkin Garnaɗa Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan birninsa ga Sarki Fadinan da matarsa Sarauniya Isabela. Da haka mulkin Musulmi ya ƙare a ƙasar, bayan sun shige ta tun 711. Ba ƙarfin abokan gāba kaɗai ya ci Garnaɗa ba. Abu Abdullahi ya yi jayayyar sarauta da ubansa, ya kuma yi da ƙanen ubansa, alhali maƙiyansu sun haɗa ƙasashe biyu ta hanyar aure. Taimako kuma bai zo daga gabas ba, domin Sarkin Masar Ƙayitbai da Sarkin Turkawa Bayazid na Biyu sun yi shekara shida suna yaƙi da junansu, sai a 1491 suka yi sulhu.

Bayan wata uku Fadinan da Isabela suka yi doka, kowane Bayahude ya shiga Kiristanci ko ya bar ƙasar. Da yawa suka ƙetare zuwa Magrib, waɗansu Bayazid ya karɓe su. Ran 3 ga Agusta kuma wani matuƙi, Kolumbus, ya tashi daga Sifen da jirage uku yana neman hanyar Indiya ta yamma. Ran 12 ga Oktoba ya sauka a wani tsibiri na Amurka, bai san sabuwar ƙasa ya tarar ba.

A bakin Kwara akwai Sunni Ali, Sarkin Songhai, wanda ya ci Tambutu da Jenne da yaƙi. Jarumi ne ƙwarai, amma ya wulaƙanta malaman Tambutu, ya kashe waɗansu, waɗansu suka gudu Walata. Cikin Nuwamba 1492 ya mutu a hanyarsa ta komowa daga yaƙi. Ɗansa Sunni Baru ya gāje shi, amma bai cika rabin shekara ba sai wani babban sarkin yaƙinsu ya kāshe shi a fagen fama cikin Afrilu 1493, ya hau sarauta. Shi ne Askiya Muhammadu.

To, Kano fa? Ita ma ba a zaune take lafiya ƙalau ba, gama littafin tarihin Kano ya nuna Rumfa ya yi shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani. Amma bai bar yaƙi ya cinye masa zamani ba. Ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya naɗa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa Sharifai suka zo, aka gina masallacin Juma'a, aka sare itaciyar da mutanen gari ke girmamawa.

Babban baƙonsa shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan. Malami ne mai tsananin ra'ayi. A Tuwat ya tā da rigima a kan Yahudawan wurin har aka rushe majami'arsu, aka kashe waɗansu, ko da yake malamai da dama na Magrib sun sāɓa masa. A shekarar 897 ya rubuta wa Rumfa wasiƙa a kan yadda shugaba zai hana ɓarna, ya kuma wallafa masa littafin Tajuddini a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya gargaɗe shi ya naɗa amintattu, ya duba aikinsu, ya tara dukiya ta hanyar halal, kada kuma ya shige gida ya bar talakawa ba mai jin kukansu.

Daga Kano Almagili ya wuce Gawo, inda Askiya ya yi masa tambayoyi a kan halin Sunni Ali da hukuncin sarki azzalumi. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshin nan a kan sarakunan Hausa, jihadi ya tashi a 1804, har Sarkin Kano Alwali ya rasa gadon Rumfa.

Mai karatu ya lura. Garnaɗa ta faɗi saboda rabuwar kan gidan sarauta, gidan Sunni Ali ya faɗi bayan ya ɓāta da malamai. Takardar da aka rubuta don ƙarfafa sarakuna kuwa, ita ce ta zama shaida a kan jikokinsu sa'ad da aka tuhume su da barin abin da ke cikinta.