Haɗarin Jirgin Ƙasa na 1987 da Tarihin Gwajin Tabar Wiwi

'Yan'uwa matasa, yau zan ɗauko muku wani tarihi daga Amurka wanda na daɗe ina nazarinsa.

Ranar 4 ga Janairu, 1987, a garin Chase na jihar Maryland, jirgin fasinja na Amtrak ya yi karo da kawunan jirgin kamfanin Conrail, mutum 16 suka rasa rayukansu. Bincike ya tabbatar cewa direban Conrail, Ricky Gates, ya sha tabar wiwi kafin ya ƙetare alamar tsayawa. An yanke masa ɗaurin shekara 5.

Wannan musiba tana cikin dalilan da suka sa majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar 1991, wadda ta wajabta gwajin ƙwaya da barasa ga matuƙa jiragen sama da na ƙasa da direbobin manyan motoci.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Sinadarin wiwi yana maƙalewa cikin kitsen jiki, don haka ana iya ganin burbushinsa a fitsari bayan kwanaki, ko makonni ga wanda ya saba sha. Fitsari yana nuna an sha, amma ba ya nuna ko hankali a gushe yake lokacin tuƙi.

Abin da na fahimta shi ne, na'ura ba ta ɗauke wa direba amanar rayukan da ya ɗauko. Kafin ya kama sitiyari, shi ya fi kowa sanin halin da hankalinsa yake ciki. Allah ya kiyaye mana hankulanmu, amin.