Daga majigi zuwa YouTube: wa ke biyan kuɗin shirin gaskiya?

1/ Jama'a, zaren nan da ɗan tsawo, a gyara zama. Kwanakin baya na je wani taron masu shirya fina-finai a Kano, ana ta muhawara kan kasuwar shirin gaskiya, wato dokumentari. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Duk kun iya ɗauka, na yarda. To wa zai biya?" Zauren ya yi tsit. Tambayar nan kuwa ta girmi 'yancin Najeriya.

2/ Ni ɗan Gwarzo ne, kakata ta wajen uwa 'yar Kabo. Fim ɗin farko da ta gani a duniya babu waƙa, babu soyayya. Na tsafta ne: tonon masai, rufe abinci, kashe ƙuda. Majigi ke nan.

3/ Yadda take ba mu labari: da la'asar mota za ta shigo gari, yara na bin ta a guje. Mai shela ya zaga. Bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tada janareto, wani ya riƙe lasifika yana fassara hoton da Hausa. Ta ce rabin daɗin ma bakin mai fassarar ne, don yakan ƙara gishirinsa.

4/ Asalin abin: wani jami'in lafiya Bature, William Sellers, ya fara nuna fina-finan yaƙi da ɓera da annoba a Legas. A 1939 Ingila ta kafa sashen fim na ƙasashen da take mulka, shi ya shugabance shi. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta yi nata sashen a Kaduna. Baban Larai, fim ɗin noman auduga na shekarun 1950 da tsofaffi ke ambata har yau, cikin wannan zubin ya fito.

5/ Ku lura fa. Kallo kyauta ne, ba wanda ya sayi tikiti. Amma masaƙun Ingila na buƙatar auduga, hukuma na buƙatar haraji. Mai son ka noma auduga shi ya sayi kyamara, shi ya zuba wa motar mai. Mu aka kawo wa labari. Ba a zo ɗaukar namu ba.

6/ Sai talabijin. Ibadan 1959, Kaduna 1962. A 1977 soja suka haɗe tashoshin duka ƙarƙashin NTA. Da farar hula suka dawo a 1979, jihohi suka samu damar buɗe nasu, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67, wadda yau ake kira ARTV.

7/ A nan zan yi adalci. Ma'aikatan wancan zamanin sun yi aiki. An ɗauki hawan sallah, makaɗa, masu sana'a, manoma. Albashi na zuwa, akwai motar fita ƙauye, ba ruwan furodusa da neman mai talla. Sai dai wanda ke biyan albashi shi ke da bakin magana. Shi ya sa idan kyamara ta zo yankinmu, galibi gwamna ta rako buɗe rijiya.

8/ A 1992 gwamnatin Babangida ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, aka kafa NBC. Kafin nan, a 1990, 'yan Tumbin Giwa sun fitar da Turmin Danya, kasuwar kaset ta buɗe. Fim ɗin Hausa ya samu abin da shirin gaskiya bai samu ba: mai kallo da zai zaro kuɗi daga aljihunsa. Masu basira suka bi inda kasuwa ke ci. Wa zai ga laifinsu?

9/ Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A taruka irin su IDFA a Amsterdam ko Sunny Side of the Doc a La Rochelle ta Faransa, furodusa kan zo da shawarar shiri da ɗan gutsuren bidiyo, ya tsaya gaban wakilan tashoshi ya tallata. Wannan ta ce na ɗauki kaso kaza, waccan ta sayi izinin nunawa a ƙasarta. Kuɗi na haɗuwa tun kafin a gama aiki. Tasha ce ke biyan mai shiri.

10/ A nan gida sau da yawa abin a juye yake. Kai za ka yi shirinka da kuɗinka, kai za ka sayi fili a tasha, kai kuma za ka nemo kamfanin da zai ɗauki nauyi. Na ɗanɗana. Na taɓa haɗa shirin minti 25 kan masu su da 'yan noman rani a dam ɗin Guzuguzu, na kai wata tasha. Aka yaba sosai, aka ba ni ruwa, sannan aka miƙo mini takardar farashi. Shirin yana nan cikin kwamfutata.

11/ Sai kuɗin waje. Arewa24 ta fara a 2014 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, kafin ta koma ta kasuwanci. Ta horar da matasa da dama, ba musu. A 2018 BBC ta saki bincikenta kan kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano. Ba a yi kwana biyu ba gwamnati ta sanar da hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

12/ Amma gaskiya na da tsada ta wata fuskar. A 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga. Ka sa kanka a matsayin mai tasha: ga shiri mai cin kuɗi, mai iya jawo tara, ga kuma wasan kwaikwayo da masu talla ke rububi. Wanne za ka ɗauka?

13/ Abin da ke ci mini rai: mai tallafi daga waje yana da jerin abin da yake so. Ta'addanci, ƙwaya, auren wuri. Matsaloli ne na gaske, ban ce a ɓoye ba. Amma labarin Alhaji Muhammadu Adamu Ɗan Kabo, mutumin ƙaramin gari da ya kafa kamfanin jirgin sama Kabo Air a 1980, har jiragensa suka riƙa jigilar alhazai, ba ya cikin jerin kowa. Shi kaɗai ya isa shiri kashi goma. Ya rasu a 2002, waɗanda suka san farkonsa kuma kullum raguwa suke.

14/ Akwai motsi dai. Tun 2018 ake yin KILAF a Kano, bikin fina-finan harsunan Afirka da aka haɗa shi da kasuwa, wanda Abdulkarim Muhammad ya assasa. Legas na da iREP, na dokumentari zalla. Abin da nake fatan gani a irin waɗannan taruka shi ne teburin da manajan tasha zai zauna da ikon sa hannu, ba jawabin buɗe taro kawai ba.

15/ Wasu za su ce ai ga YouTube. E, ga shi, kuma karon farko ke nan da ba sai ka roƙi kowa fili ba. Amma talla ga mai kallo daga Najeriya kuɗinta kaɗan ne, kuma barkwancin minti ɗaya ya fi hira da tsoho saurin yawo. Datar ma kai za ka saya.

16/ Kakata ta rasu ban ɗauki muryarta ba, ina jiran in samu kyamara mai kyau. Ranar Asabar in sha Allah zan je Getso, akwai wani tsoho da ya ce yana yaro ya taya masu majigi riƙe igiyar ƙyalle. Da wayata zan je. Wanda ke da ƙaramin makirufo na aro, ya yi mini magana ta akwati.