Duwatsun da suka mutu a ƙarƙashin Anka

1/ Kun san ƙasar Anka da Bukkuyum ta taɓa zama gindin manyan duwatsu irin na Alps da ke Turai? Ku zauna, labarin na da tsawo, kuma ƙarshensa ba daɗi.

2/ Alps sun tashi ne da ɓawon ƙasar Afirka ya tunkuɗi na Turai, ƙasa ta nannaɗe ta yi sama. Mont Blanc, wanda ya fi tsayi, ya haura mita 4,800. To, irin wannan karon ya faru a nan wajenmu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce.

3/ Ruwa da iska sun cinye waɗancan duwatsu kaf. Abin da ya rage saiwarsu ce, wato duwatsun nan masu falle-falle da masana ke kira zirin Anka. In ka nausa yamma wajen Gummi, sai su nutse ƙarƙashin yashi da laka na kwarin Sakkwato.

4/ Lokacin wancan karo, ruwa mai zafi ya bi tsagogin dutse, ya bar farin dutse mai ɗauke da zinare. Matsalar ita ce, a wasu jijiyoyin bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da dalma, a cikin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin tozali da shi.

5/ Anka kuwa ba ƙaramin gari ba ne. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Zamfaran Anka.

6/ Bayan 2008 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi. Manoma suka koma rami. Ana kawo dutsen cikin gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe.

7/ A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara na ta mutuwa da jijjiga. Ba zazzaɓi ba ne, ba sanƙarau ba. Gubar dalma ce. Dareta, Abare, Sunke da Bagega a Anka. 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

8/ Magani kaɗai bai isa ba, don yaro zai koma cikin ƙurar. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ba a share ta ba sai 2013. Dalma kuma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar ba ta gyaruwa.

9/ A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga. Amma wallahi doka ba ta fitar da dalma daga dutse.

10/ In kana da ɗan'uwa mai zuwa rami, ka gaya masa: kar dutse ya shigo gida, a jiƙa shi kafin niƙa, a yi wanka a sauya kaya kafin a ɗauki yaro. Ku tura wa 'yan gida.