Shekarar da Bijiman Gombe suka wuce mu zuwa Tunisiya



Yau maganar ƙwallon kwando zan yi, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa mu da ita, mu da muka tashi ba mu san wata ƙwallo ba sai ta ƙafa. To a yi mini haƙuri. Duk wanda ya zauna a garin Bauchi ya san cewa bayan Wikki Tourists akwai wasu dogayen samari da ke tasu harkar, tun zamanin ƙungiyar Yelwa Hawks har zuwa Bauchi Nets. Sai dai labarin da nake son bayarwa na maƙwabta ne, wato Gombe Bulls, ko Bijiman Gombe, da abin da suka yi a shekarar 2017.

Abin da ya sa labarin yake sosa zuciyar mutumin Bauchi shi ne, Gombe ƙanwa ce. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire ta daga jihar Bauchi, kuma tsakanin garuruwan biyu tafiyar kilomita 150 ce ko kusa da haka. Shekara 21 bayan rabuwar, sai ga ƙanwa ta hau jirgi zuwa gasar Afirka, yayarta tana gida tana kallo.

Kafin wannan lokaci, in ana maganar ƙwallon kwando a Arewa, Kano da Zariya ake nufi. A Zariya ne wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. Kano kuwa tana da Kano Pillars. Gasar Firimiya ta ƙasa an raba ta rukuni biyu ne, Atlantic na ƙungiyoyin Kudu da Savannah na Arewa da Abuja, inda Bauchi Nets da Plateau Peaks da Niger Potters da Kada Stars suke fafatawa, amma kusan kowace shekara an san wanda zai fito a gaba. Pillars ta ci kofin ƙasa a 2013 da 2014, Mark Mentors ta Abuja ta karɓe shi a 2015, Pillars ta sake ƙwato shi a 2016, sannan a ƙarshen wannan shekara ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Sauran ƙungiyoyin Savannah, har da tamu, 'yan rakiya ne.

A haka aka shiga 2017. DStv ta bar ɗaukar nauyin gasar, kamfanin Kwesé ya karɓa. Gombe Bulls, a ƙarƙashin koci Abdulrahman Mohammed, ta fito daga rukunin Savannah, ta shiga zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, ta ratsa har wasan ƙarshe, inda ta haɗu da Pillars. Pillars ce ta yi nasara. Amma zuwa na biyu ya buɗe wa Gombe ƙofar Afirka, kuma a watan Disamba na 2017 tana cikin ƙungiyoyin da suka hallara a Rades ta ƙasar Tunisiya, tare da irin su Libolo ta Angola da AS Sale ta Maroko, wadda ta ɗauki kofin. Rades ɗin nan ita ce inda D'Tigers suka doke Angola da ci 74 da 65 a 2015, suka ci kofin Afirka karo na farko. Bijimai ba su dawo da kofi ba, kuma babu mai hankalin da ya zaci za su dawo da shi. Zuwan shi ne labari.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi ƙaramar jiha ta iya wannan. A ganina sirrin yana cikin wasan kansa. Mutum biyar ke shiga fili, ƙungiya duka mutum 12 ce, don haka abin da ba zai riƙe kulob ɗin ƙwallon ƙafa na 'yan watanni ba zai iya riƙe na kwando shekara guda. In aka samu koci ya zauna, aka biya alawus a kan kari, 'yan wasa da kansu za su zo. Kuma a nan ne abin ya shafe mu, mu mazauna garin da ba na kakanninmu ba. 'Yan wasan gasar nan 'yan ci-rani ne kamar mu. Yaro ya taso daga Binuwai ko Legas ko Filato, ya sa rigar Gombe ko ta Bauchi, babu mai tambayarsa takardar shaidar asalin jiha kafin ya jefa ƙwallo a raga. Ɗana da aka haifa a nan, in ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, takardar nan ce farkon abin da za a nema.

Abin takaici, shekarar da Gombe ta hau ita ce shekarar da aka janye tsani. Ranar 12 ga Yuni 2017 aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, a Kano, Tijjani Umar ya fito shugaba. Washegari aka yi wani a Abuja, Musa Kida ya fito. Hukuma ɗaya, shugaba biyu. Yarjejeniyar Kwesé tana hannun ɓangaren Tijjani Umar, harkar ƙungiyoyin ƙasa kuma ta koma hannun ɓangaren Kida, kulob-kulob suka rasa wanda za su bi. Manya sun yi ta kai-kawo tsakanin kotu da ma'aikatar wasanni da hukumar duniya ta FIBA, su kuwa samarin da shekarun ƙarfinsu ke wucewa suna zaune babu tsayayyiyar gasa. A 2019 tashar Kwesé ɗin ma ta rufe. Ni dai ban ga ɓangaren da zan wanke ba a cikin biyun.

Asarar ta fi fitowa fili da aka fara gasar BAL a Kigali a 2021, wadda NBA da FIBA suka kafa, gasar da ake haska wa duniya. Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci Najeriya. A 2022 babu ƙungiyar Najeriya ko ɗaya saboda rikicin, kuma a watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. An soke matakin bayan 'yan makonni, amma kafin nan D'Tigress sun rasa gurbinsu na gasar kofin duniya, aka bai wa Mali. A 2023 Kwara Falcons ta je BAL, a 2024 Hoopers ta koma ta zo ta uku. Ku duba fa: a 2017 ƙungiyoyin Najeriya biyu da suka je Rades duk daga rukunin Savannah suke, amma daga 2021 zuwa 2024 babu Kano, babu Gombe, balle Bauchi.

Wanda ya tsira da wani abu daga wannan kaka shi ne kocin. Abdulrahman Mohammed ne ya jagoranci D'Tigers zuwa wasannin Commonwealth a Ostireliya a 2018, kuma shi ne ya sake jagorantar su a gasar kofin Afirka ta 2025 a Angola, inda Senegal ta fitar da su a zagayen ƙungiyoyi takwas.