Wahalar Mafari: Alamar Zhun da Siyasar Masarautar Jin a Tsohuwar Ƙasar Sin

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda fassarar duba ta kan bi buƙatar masu neman mulki, ta hanyar nazarin alama ɗaya daga Yijing, littafin duba na Sinawa wanda asalinsa ya faro tun zamanin daular Zhou ta Yamma (wajen 1046 zuwa 771 kafin Miladiyya).

Littafin yana ƙunshe da alamomi 64, kowace tana da layuka shida, wasu cikakku, wasu rababbu. Zhun ita ce ta uku, tana biye da alamomin sama da ƙasa. Layuka uku na ƙasanta suna nufin tsawa, uku na samanta kuwa ruwa, watau hadari ya haɗu amma bai zuba ba. Ƙamus ɗin Xu Shen, na wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya bayyana harafinta da cewa tsiro ne yake fama ya keto ƙasa. Hukuncinta ya haɗa abu biyu: yana hana gaggawar tafiya, yana kuma yabon naɗa hakimai.

A nan ne saɓani ya kan taso. Littafin Guoyu ya kawo labarin Chong'er, ɗan sarkin Jin da ya shekara 19 yana gudun hijira. Da ya yi duba kan komawarsa gida, sai Zhun da Yu suka fito. Masu duban fada suka ce hanya a toshe take. Bafadensa Sikong Jizi ya musa, ya kafa hujja da zancen naɗa hakimai, wanda aikin mai sarauta ne. A 636 kafin Miladiyya Chong'er ya hau gadon Jin.

Haka nan Zuozhuan ya ambaci Bi Wan, wanda Zhun ta fito masa, aka yi masa albishir cewa zuriyarsa za ta bunƙasa. An ba shi ƙasar Wei a 661, zuriyarsa kuma ta sami amincewar sarkin Zhou a 403.

Sai dai wajibi ne masanin tarihi ya yi hattara. Manazarta da dama suna ganin an harhaɗa Zuozhuan ne a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, bayan Wei ta riga ta ƙasaita. Ke nan mai yiwuwa ne albishir ɗin ya biyo bayan nasarar, don a halatta mulkin waɗanda suka ci riba. Dubace-dubacen da suka kuskure kuwa ba su cika samun mai rubuta su ba.