Doki, Kyamara da Ƙa'ida: Waiwaye a kan Ɗaukar Hoton Jafi

Ƙa'idojin tsara hoto sun girmi kyamara. Tun a shekarar 1797 wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya ba da shawarar a riƙa kasa fagen zane kashi uku, misali sama ta ci kashi biyu ƙasa ta ci ɗaya, maimakon a raba shi biyu daidai. Daga baya masu ɗaukar hoto suka gaji shawarar, suka mayar da ita doka cewa kada a dasa abin da ake ɗauka a tsakiya. To, mai zane yana da yini guda ya zauna gaban kogi yana auna fage. Tambayarmu ita ce, wace rana wannan doka za ta yi wa wanda ya fito daga Mbamoi ko Jimeta da kyamara ranar hawan salla, ya tsaya ƙofar fadar Lamiɗon Adamawa, ga dawaki sun taso a sukwane domin jafi?

Tarihi ya nuna doki ne ya fara kunyata al'adar masu zane. Sun daɗe suna zana shi yana sukuwa ƙafafun gaba miƙe gaba, na baya miƙe baya, kamar yadda Bafaranshe Géricault ya yi a 1821. A 1878, a Palo Alto ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa. Hotunansa suka tabbatar cewa ƙafafu huɗun kan bar ƙasa gaba ɗaya, amma a lokacin da suka tattaru ƙarƙashin ciki ne. Ido bai taɓa kama wannan ba.

Da ƙaramar kyamarar Leica ta shiga kasuwa a 1925, sai mai hoto ya sami damar bin motsi da ƙafa. Littafin Henri Cartier-Bresson na 1952 ya ɗora nauyin hoto a kan dacewa da lokaci, wato ƙiftawar da motsi da tsari suke haɗuwa. Haka kuma, fitaccen hoton da Neil Leifer ya ɗauki Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston a 1965 ya dasa Ali a tsakiya ne, bai kuwa rage masa ƙarfi ba.

Idan muka dawo Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, za mu tarar hawa yana zuwa da nasa tsarin. Laima ta riga ta nuna inda ido zai sauka, domin Lamiɗo shi ne cibiyar taro. Wanda ya ture shi gefe don cika dokar Smith ya ɓata ma'anar hoton. Jafi kuwa yana da gaɓa guda da ake jira, lokacin da mahaya suka ja linzami, dawaki suka turje, ƙura ta tashi, aka jinjina. Wanda bai san al'adar ba sai ya danna kafin lokaci ko bayansa.

Saboda haka muna ganin tsari yana da muhimmanci, sai dai ana yin sa ne kafin a saki dawaki: zaɓen wurin tsayuwa, lura da inda rana take, da barin sarari a gaban doki domin a ga inda ya dosa. Da sukuwa ta fara, abin da ya rage wa mai hoto shi ne sanin hawan da saurin yatsa.